Moɗa Mai Jan Fenti

Balki, wannan babin naki ne, ko da yake ina so yayyenki ma su karanta, don su ma rabin labarin suka sani. Ranar da kike haɗa kayan tafiya jami'a, uwarki ta ce ki tsaya ta gwada miki rigar da take ɗinka miki, kika ce mata cikin fushi, “Yanzu ne kika damu da ni? Ke da kika ba da ni tun ina kan nono?” Ina zaune a zaure, na ji komai. Ta naɗe ƙyallen ta shiga ɗaki. Ban fito na tsawata miki ba, domin abin da aka gaya miki ne kika maimaita. An ce miki riƙo aka kai ki wurin kakarki Iya a Guna saboda tana zaune ita kaɗai. Ƙarya ce, kuma ni na ƙirƙiro ta. An kuma gaya muku cewa ubanku ya bar kujerar direktan lakkol, wato makarantar boko, yana da shekara arba'in da uku ya koma ɗalibi don son girma. Wannan ma ba haka ba ne. Maganganun nan biyu labari ɗaya ne, kuma tun da bakina ya kasa faɗinsa, na ɗauki bik in rubuta shi.

Kina da shekara ɗaya da rabi lokacin da uwarku Hajara ta fara faɗuwa. A lokacin muna haya a unguwar Zango, nan Damagaram, tsakar gida ɗaya da iyalai uku. Na dawo cin abincin rana, ina jingine moto, wato babur ɗina, ke nan sai na ji ihu. Na shiga na tarar da ita a ƙasa kusa da turmi, jikinta ya sandare, sannan ya shiga fizga, ƙafarta tana dukan ƙasa, kumfa yana fita a gefen bakinta. Matan gidan sun watse sun manne da bango. Ɗaya ta fizge ki ta ruga ɗaki da ke, wata tana ta kife faifai a kan tukwane.

“Kada ka taɓa ta, Mushe!” in ji matar da muke haya a gidanta, don Mushe ake ce wa malamin lakkol a nan. “Farfaɗiya ce! Yawun nan in ya taɓa ka, ka ɗauka ke nan.”

Na tsaya. Taku uku ne tsakanina da matata, kuma ban yi su ba. Ni mai bak, takardar gama sakandare, ni da nake koya wa ’ya’yan mutane yadda ruwan sama ke haɗuwa a cikin gajimare, na tsaya da jaka a hannu ina kallon ta tana buga kai da ƙasa har abin ya sake ta. Da ta farfaɗo ta buɗe ido, fuskata ta fara nema, ta same ni can nesa tare da sauran. Aka kawo toka mai zafi aka zuba a inda yawun ya zuba. Na sha yin abin kunya a rayuwata, amma babu wanda ya kai wannan, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Kashegari mahaifiyata, wadda kuke kira Iya, ta iso daga Guna. Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Mushe take ce mini kamar kowa, sai dai nata Mushen yana da ɗan yaji a ciki. Ba ta yi wa Hajara faɗa ba, ta ma yi mata sannu har sau uku, amma daga bakin ƙofa.

“A ware mata kwano da moɗa da ludayi,” in ji Iya. “Ta bar girki. Yarinyar nan kuwa yau za a cire ta daga nono, in tafi da ita yaye.”

Kun san yadda ake yaye a wurinmu. Ana kai yaro wurin kakarsa ya yi kwana bakwai ko goma, ya manta nono, a dawo da shi. Haka Hajara ta ɗauka, shi ya sa riguna uku kacal ta ƙulle miki a ɗankwali. Ni kuwa na san ba haka Iya take nufi ba, na ɓoye mata. Ni na ɗauke ki daga cinyar uwarki, ni na kai ku tasha, ke da Iya. Da na dawo, na ɗauko ragowar jan fentin da muka shafa wa ƙofar lakkol, na yi wa kwanonta da moɗarta da ludayinta da ƙwaryarta alama, don kada yayyenki su rikita. Na yi aikin da kyau, layi a miƙe, kamar mai gyaran kayen ɗalibai, littattafan rubutunsu. Tana zaune tana kallona.

Ba wai ban kai ta asibiti ba. Na kai ta, majo, babban ma'aikacin jinya, ya ba da ƙwayoyi, ya ce ciwon ba ya yaɗuwa. Na ce masa to me ke kawo shi? Ya ce, “Ciwon cikin kai ne, Mushe, ka dai ba ta magani,” ya kira wanda ke bayana a layi. Ni kuma halina kun san shi, in ba a nuna mini tushen abu ba, ba na yarda. Abin dariyar shi ne maganar yawu ban taɓa neman tushenta ba, da ita na tashi, ta zauna mini kamar sunana. Ta sha ƙwayoyin wata biyu ba ta faɗi ba, muka ce ta warke, muka ajiye su kamar yadda ake ajiye maganin zazzaɓi. Ta sake faɗuwa. Labari ya kai Guna, Iya ta aiko cewa ga shi nan, maganin nasara bai iya da wannan ba, yarinya kuma tana nan lafiya, kada a tayar da maganar dawowarta. Yayarki Zainabu ta karɓi girki, furar uwarku da duk unguwa ta sani ta ɓace daga gidanmu, muka koma saye a bakin hanya.

Uwarku ba ta taɓa yin ƙorafi a kan kwanon ba. Abu ɗaya take yi. Duk ƙarshen wata in zan je Guna sai ta ba ni rigar da ta ɗinka miki da hannu, in na dawo kuma sai ta tare ni tun a zaure ta ce, “Ta kai ina yanzu?” In nuna mata a ƙafata, nan, ko nan. Da wannan awon take yanka riga ta gaba. Wata rana, kin kusa shekara a can, na dawo mata da rigar, na ce ta yi miki kaɗan, ba ta shiga ba. Ta karɓa ta shimfiɗa a cinya ta daɗe tana shafa ta.

“Mushe,” ta ce, “kai da kake da amsar komai a lakkol, ka taɓa tambayar abin da ke kayar da ni? Ko ni ban kai a yi tambaya a kaina ba?”

Na fita. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na san ba da ita nake fushi ba. A shekarun nan ne aka buɗe jami'a a garin nan, ba sai mutum ya je Yamai ba. Bak ɗina na kimiyya yana kwance a akwati tun shekarar da mahaifina ya rasu na kama koyarwa don in riƙe gida. Na ciro shi na kai. Direkta ba ya iya barin lakkol da rana tsaka, don haka na rubuta takarda na sauka, na koma malamin aji a ƙarƙashin wanda ni na koya wa aiki, ya riƙa daidaita mini lokaci. Abokaina na fada, majalisarmu ta hira, suka samu abin taunawa. In na zo wucewa sai su ce, “Ɗalibi, an tashi? Allah ya sa ba a yi bulala ba.” Wani ya ce mini gemu da furfura a benci ɗaya da yaran da na share wa majina, wannan ai sai a yi mini rubutu in sha. Ban gaya wa kowa dalili ba, don a lokacin ko sunan ciwon ba na iya furtawa a bainar jama'a.

Shekarar farko ta kusa kashe ni da haushi. Na je neman ƙwaƙwalwa, aka sa ni zanen ganyen albasa da lissafin sinadarai. Na je na tambayi ofis yaushe za a zo kan jijiyoyi, aka ce sai baɗi. Na cije na zauna, na ci egzame, jarrabawar ƙarshen shekara, da ƙyar. Ke kuwa kina can kina girma, awon yana hawa ƙafata wata bayan wata.

A shekara ta biyu aka fara darasin jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Mai koyar da shi wata Babarbariya ce, Madam Fanna, siririya, na girme ta da aƙalla shekara goma, ba ta ɗaga murya kuma ba ta maimaita magana. Ranar farko ta zana wani abu a allo mai kama da bishiyar da aka tumɓuke da saiwarta, ta ce wannan ita ce ƙwayar jijiya, da ire-irenta aka gina duk abin da muke ji da gani da motsi. Ta ce kowace ɗaya tana riƙe da ɗan kuran, wato wutar lantarki, saboda gishirin da ke wajen bangonta ya bambanta da na ciki. In saƙo ya zo, ƙofofi ƙanana su buɗe, gishirin ya kwararo, kuran ya ruga har ƙarshen reshe, ya miƙa wa ta gaba. Wasu ƙwayoyin aikinsu su ce tafi, wasu su ce tsaya. Na rubuta duka, ban gane rabi ba. A gwajin farko ta ba ni huɗu cikin ashirin, da jan bik, irin wanda na yi shekara ashirin ina yi wa wasu. Na je ofishinta da niyyar gardama.

“Mushe Lawali,” ta ce, “haddacewa ka yi, ba ka gane ba. Kai ma ka san bambancin, ai aikinka ne. Ka zo labo, ɗakin gwaji, ranar Laraba da ido, ka bar kayen a gida.”

Ranar Laraba ɗalibai suka kawo kwaɗi daga tafki, don damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba. Aka ba kowane tebur ɗaya, an riga an kashe shi. Ta nuna mana yadda za mu buɗe cinyar, mu ɗago wani farin zare siriri daga cikin naman. Ta ce wannan ita ce jijiyar. Ta ba ni waya biyu da ke haɗe da pil irin na rediyo, ta ce in taɓa. Na taɓa. Ƙafar mataccen kwaɗon ta fizga. Ɗaliban suka yi ihu suna dariya, wata ta ce a'uzubillahi. Ni ban yi dariya ba. Na sake taɓawa, na sake, da sauri da sauri, ƙafar ta shiga dukan tebur. Na san wannan dukan. Na gan shi a tsakar gidana kusa da turmi. Babu aljani a ɗakin nan, babu wanda ya tofa wa kwaɗon yawu, waya ce kawai a hannuna. Na jira kowa ya fita, sannan na yi abin da ban taɓa yi a gaban baƙo ba.

“Madam, matata tana da farfaɗiya.”

Ta ajiye abin da ke hannunta ta jawo kujera. “Ka taɓa ganin mata suna lugude?” Na ce a Guna aka haife ni. Ta ce, “To haka ƙwaƙwalwa take aiki. Taɓare da yawa, turmi ɗaya, kowace tana jiran lokacinta. Farfaɗiya ita ce lokacin da duk suka sauko tare. Masu cewa tsaya sun kasa, kuran ya mamaye wurin, jiki ya bi. In ya lafa sai mutum ya dawo.”

“Yawun fa?”

“Yawu ne irin na bakinka. A lokacin ba ta iya haɗiyewa, shi ya sa yake fita. Babu ƙwayar cuta a ciki da za ta shiga wani. Abin da ke jawo ciwon yana da yawa, buguwa a kai, zazzaɓi mai tsanani, wani lokaci ma ba a gano shi. Ni ba likita ba ce, ka kai ta babban asibiti. Amma maganin nan kullum ake shan sa, ba a ajiyewa don an ga sauƙi.” Ta dube ni. “Kun ware mata kwano?”

Na ce har da fenti.

“To wannan ba ni zan gyara maka shi ba,” in ji ta.

Na hau moto na nufi gida ina jin kamar an sauke mini buhu daga ka. Na ɗauka abin ya ƙare. Na shiga, na tarar da Hajara ta gama shan ruwa ta ajiye moɗarta, na sunkuya na ɗauka. Zan gaya muku gaskiya, ban kai ta baki nan take ba. Kaina ya yarda, cikina bai yarda ba tukuna. Kafin in kai baki sai ta buge moɗar ta faɗi.

“Ka haukace ne? In kai ma ka faɗi, wa zai riƙe yaran?”

Wannan ne abin da ban yi tsammani ba. Shekara kusan uku muna gudun ta, har ita ma ta koma gudun kanta. Ta ce mini ko Iya ta dawo da ke yau, ita ba za ta karɓa ba, gara ta yi ta ɗinka riga daga nesa da ta zuba wa ’yarta ciwo. Na ɗauko gawayi na zana mata bishiyar Madam Fanna a ƙasa, na yi mata bayanin ƙofofi da gishiri, na kawo kwaɗo, na kawo lugude. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ta ji, zane ya yi kyau, amma ba a gwada zane a kan yarinya.

“To a gwada a kaina,” na ce.

Ta yi tunani ta ce, “Kwana arba'in. Ka ci a kwanona, ka sha a moɗata. In ka cika arba'in ba ka faɗi ba, sai mu yi magana.”

Ita ta tsara gwajin, ba Madam Fanna ba, kuma ta fi ta tsanani. Ba ta yarda in ɗebi nawa gefe ba, sai ta ci in ci inda ta ci. Kullum da safe sai ta duba idona ta ce ko ina jin jiri. Na kai ta babban asibiti, likita ya tsara mata magani, na ɗaura shan sa da sallar asuba don kada a manta. A kwana na goma sha tara, maganin bai gama zama a jikinta ba, ta faɗi a tsakar gida da hantsi, ranar ba ni da aji. Matan suka watse kamar kullum. Wannan karon na yi takun nan uku. Na durƙusa na sa hulata a ƙarƙashin kanta, da fizgar ta lafa na juya ta gefe kamar yadda likita ya nuna mini, na share bakinta da tafin hannuna. Mai gidan tana ta salati tana cewa Mushe ya kashe kansa. Na ɗaga hannun na nuna mata, na ce ta riƙa leƙo ni kullum ta ga ranar da zan faɗi. Da Hajara ta buɗe ido, a cinyata ta samu kanta. Ni ne na yi kuka, a gaban matan haya.

Ranar da arba'in ta cika, ita ta fara magana. Ta ce, “Gobe Lahadi.” Muka hau moto muka nufi Guna, ta ɗauro ƙwaryarta da ludayinta a baya. An gama kaka, rumbuna sun cika, Iya tana zaune a inuwa tana ɓarar gyaɗa, kina kusa da ita, shekararki huɗu da rabi. Da kika ga baƙuwar mace kika ɓuya a bayan Iya. Uwarki ta tsaya tana kallon tsawonki, na ga tana kwatanta shi da ƙafata. Bayan gaisuwa ta nemi fura, ta dama a ƙwaryarta mai jan fenti, ta sha ludayi ɗaya ta miƙo mini, na sha uku. Iya ta bar ɓarar gyaɗar.

“Wannan shi ne karatun da aka bar kujera saboda shi?”

Na ce, “Iya, yau kwana arba'in da ɗaya ke nan ina ci ina sha da ita. Ga ni.”

“Kai ƙato ne, jininka ya yi kauri. Yarinya fa? Mushe, ni na ga abin nan da idona. Ƙanwata Ladi da shi ta faɗa wuta. Bayanta ɗan yayarmu ya kamu, a gida ɗaya. Ban karɓi yarinyar nan don ƙin uwarta ba. Na ce ba zan sake binne wani ba.”

Ban taɓa jin labarin Ladi ba sai ranar. Na gane cewa Iya ba mugunta ta yi ba, tsoro ne na shekara hamsin, kuma ba zanen gawayi ne zai cire shi ba. Na yi ƙoƙari duk da haka. Na ce mutum biyu a gida ɗaya suna iya samun ciwo ɗaya ba tare da wani ya shafa wa wani ba. Ta ce in ajiye turancina. Tunda nake ban taɓa musa wa Iya ba, ko aurena ita ta zaɓa, ko aikina ita ta ce in kama. Na durƙusa a gabanta na ce ta gafarce ni, amma yaye ya ƙare, yau za mu tafi da ke.

“In ka ɗauke ta,” in ji Iya, “kada ka sake tako mini gida.”

Na ɗauke ki. Abin da kike tunawa ke nan, Balki, ranar da aka ɓamɓare ki daga zanen Iya kina ihu, kuma kin tuna daidai. Muka sa ki a tsakiya a kan moto. Kina kiran Iya, kina dukan matar da ba ki sani ba, kafin mu fita gari kika kama hannunta da haƙori, a gindin babban yatsa, kika cije har jini ya zubo a kan rigata. Na ce in tsaya? Ta ce, “Tafi.” Ba ta janye hannun ba, ba ta sassauta riƙon ba, har muka shigo Damagaram.

Abin da ya biyo baya bai zo da sauƙi ba. Kin yi wata biyu ba kya karɓar abinci daga hannunta sai na Zainabu. Duk ƙarshen wata ina zuwa Guna in yi sallama a ƙofar Iya, ba ta amsawa, in ajiye abin da na kawo in juyo. Dangi suka ce boko ya ci kaina har na yi wa uwata tsaye. Darasin jijiyoyi na ci shi da sha uku cikin ashirin, Madam Fanna ta rubuta a gefe cewa yanzu na gane. Daga nan ban koma ba, don abin da na je nema na samu, gida kuma yana bukatata. Kujerar direkta ba ta dawo ba, a malamin aji na yi ritaya, babu digiri, ’yan fada kuma har yau Ɗalibi suke ce mini. Da kuka fara tambaya, na ce muku riƙo ne, don in rufa wa Iya asiri, in ji ni. Yanzu na san kaina na rufa wa.

Shekara ɗaya da wata biyar Iya ba ta yi mini magana ba. Rannan da azahar sai ga ta a ƙofar gida, ta ce ciwon ido ya kawo ta asibiti, ba wurin kowa ta zo ba. Kika ruga kika faɗa jikinta. Ta juya ki gaba da baya, ta duba idonki, ta duba harshenki, ta tambaye ki ko kina faɗuwa, kika ce sai in kina gudu. Ta zauna a tabarma ta ce a ba ta ruwa. Zainabu ta kawo a sabon kofi. Iya ta dube shi ta kau da kai.

“Ba wannan ba. Waccan mai jan.”

Uwarku ta tashi da kanta ta ɗebo a randa ta kawo. Iya ta riƙe moɗar ta daɗe tana kallon fentin. Ta yi bismilla ta shanye. Ta ce randar gidan nan tana da sanyi, shi ke nan abin da ta ce, kuma ba ta sake tayar da maganar ba har Allah ya karɓi ranta. Na fi girmama ta a wannan ranar fiye da kowace rana, domin ni sai da na ga ƙafar kwaɗo, ita kuwa jikarta kawai ta duba.

Moɗar tana cikin akwatina, fentin bai goge ba, na hana a kankare shi. Uwarku ta yi shekaru ba ta faɗi ba, tana shan maganinta da asuba, kuma ita ce ta hana ni gaya muku wannan, ta ce kada ku ga laifin Iya ko nawa. Na saɓa mata yau. Balki, uwarki ba ta ba da ke ba. Riguna uku ta ƙulle miki, na kwana bakwai. Ni na ba da ke, ni na yi fentin, ni na yi ƙaryar. In kina da fushi, ga mai shi nan a zaure, ki kawo. Amma kafin nan ki kama hannunta na dama ki duba gindin babban yatsan, tabon da ta ce miki wuƙa ce. Rigar da kika ƙi gwadawa tana nan a naɗe a ƙarƙashin matashinta, ba ta ƙarasa ta ba. Ta yi shekara uku tana auna ki a ƙafar wani. In kin zo hutu, ki tsaya ta auna ki da hannunta.